Ƙullutu a Kuncin Kumai

Lokacin cirar citta wani ƙullutu ya fito wa Kumai a kunci, ƙasa da ido. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sai sheƙi kamar an shafa masa mai. Matarsa Emilia ce ta fara tsorata, don kafin su gama shanya cittar ya tashi daga girman wake ya kai na goro. Kumai, dattijon ikilisiya ne a Kagoma mai taurin kai, ya ce maruru ne, zai fashe da kansa. Sai da ta kira mai acaɓa har ƙofar gida ta tsaya a kansa, sannan ya hau.

A asibiti a Kafanchan, Likita Mahadi ya yanke ƙullutun ya aika da shi gwaji. Da suka koma, ya gaya musu sankarar fata ce, irin wadda shi kansa a karatu kawai ya san ta, kuma tana da saurin yaɗuwa. Ya ce saura gwaji ɗaya da za a yi a nesa, a duba ko akwai wata ƙwayar cuta a cikin tsokar.

Daga nan Emilia ba ta ƙara fahimtar komai ba. Ƙanenta Luke ta tuna, wanda ƙanjamau ya kashe, fatarsa duk baƙaƙen tabo. Ta tuna kuma shekarun da Kumai yake bin motar citta zuwa kudu, yakan yi makonni bai dawo ba.

Ba ta tambaye shi ba. Amma ta ware masa kofi, ta ɓoye rezarsa kada jikoki su taɓa. A taron zumuntar mata ta roƙa a yi wa maigidanta addu'a, a zuciyarta kuwa abu ɗaya take nanatawa, Ubangiji ya sa kada a samu. Kumai yana lura. Wata safiya yana wasa fartanya, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Maman Tamar, in akwai abin da kike son tambaya, ga ni."

Ta ce babu, ta shige madafa.

Ranar da likita ya kira su, sun daɗe a kan benci suna jiran layi. Da suka shiga, tun kafin su gama zama ya ce, "An samu ƙwayar."

Emilia ta dafe bakin tebur. Abin da ya ƙara ruɗa ta, fuskar likitan a sake take. Ta tambaya a gaban mijinta ko irin cutar nan ce da ake ɗauka wajen mata.

Likita Mahadi ya dube ta, ya dubi Kumai, ya ajiye biro. "Mama, ba ita ba ce. Waccan mun gwada tun zuwanku na farko, Baba ba shi da ita. Wannan kuwa yawancin mutane suna da ita a fata tun suna yara, wataƙila har da ni da ke."

Ya bayyana musu a hankali cewa kowace 'yar ƙwayar halittar jiki tana jin saƙon da ke ce mata ta tsaya, kada ta ƙara hayayyafa. A jikin mutum ƙalilan, ƙwayar cutar takan shiga ta toshe wannan saƙon, sai tsoka ta yi ta tsiro. Amma da yake baƙuwa ce, garkuwar jiki takan gane ta ta yi faɗa da ita, shi ya sa masu irin ta Baba sukan fi samun sauƙi a kan waɗanda ba a samu ƙwayar a ciwonsu ba. Shi fatan da yake yi ke nan tun farko. Bai yi musu alkawari ba. Ya ce dole a duba kaluluwar wuya a babban asibiti, a gasa wurin da na'ura, a ci gaba da sa ido, don ciwon yakan dawo.

A waje Kumai ya yi gaba, ita tana biye. Sai da suka kusa masu keke mai ƙafa uku ta ce, "Baban Tamar, ka gafarta mini."

Ya tsayar da mai keke. "Da kin tambaye ni," ya ce. Sannan ya matsa mata ta fara shiga.

Da suka je babban asibitin, ba a ga komai a wuyansa ba. Tare suka yi zaman gashin, tana kwana a tabarma kusa da gadonsa, suka dawo gida ana shirin sharar gona.