Kilo Sittin Tsakanin Tokuji da Kabarin Matarsa

Kullum kana wucewa ta gaban motar nan kana kau da kai. Kada ka ce ba ka gan ta ba. Fara ce, mai ɗaki a baya da gado da murhu, wata goma sha ɗaya tana fake a ƙofar gidan tsoho Tokuji Kuwabara, har ciyawa ta fito a gindin tayoyinta.

Tokuji kafinta ne, shi ya ƙera cikinta da hannunsa. Duk watan Agusta, lokacin ziyarar kaburbura, yakan yi tafiyar kwana biyu da ita zuwa wani ƙauye a bakin tekun Aomori, a arewacin Japan, ya wanke kabarin matarsa, ya kunna mata turare. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, ya mayar da lasisinsa na tuƙi. Likita ya ce doguwar tafiya sai dai a kwance. 'Yarsa Chizuru ta sa aka ɗaura wa motar injin ɗaga keken marasa lafiya, aka sake auna ta, aka rubuta a takardarta: kilo dubu uku da ɗari biyar da sittin.

Lasisin Chizuru sabon yanka ne irin nawa, bai ba mu damar tuƙa motar da ta kai tan uku da rabi ba.

Ni maƙwabcinsu ne. Wata Lahadi muka yi gayya ni da ita don rage wa motar nauyi, muka kwashe tukwane, da barguna, da akwatin kayan sassaƙa, har da labulen da marigayiyar ta ɗinka. Tokuji na kan kekensa yana ba da umarni.

"Butar shayin nan ku bar ta!"

"Baba, ƙarfe ce, kilo biyu."

"To ke ki daina cin shinkafa kwana uku."

Muna cikin haka sai ga Onodera bakanike, tsohon abokinsa, yana dogara sanda. Ya dubi tulin kayan, ya kwashe da dariya.

"Ƙaura kuke yi ko gwanjo? 'Yata, ɗan sanda ba sikeli yake yawo da shi ba, takarda yake dubawa. Ko kin kwashe komai ta zama gwangwani, abin da aka rubuta shi ne nauyinta."

"To Kawu, kai ka tuƙa mana."

"Ni? Rana ɗaya muka mayar da lasisi da wannan tsohon rigimammen. Har kyautar tikitin bas aka ba mu."

Chizuru ta je neman lasisin da ya fi nata girma. Akwai gwajin ido: ka leƙa cikin akwati, sanduna uku, ta tsakiya tana matsowa tana ja baya, ka danna maɓalli idan sun daidaita. Idonta na hagu tun tana ƙarama ba shi da ƙarfi. Sau uku tana zuwa, sau uku ana rusuna mata ana ba ta haƙuri.

"A cire injin," in ji Tokuji da ta dawo karo na ƙarshe. "Ku ɗauke ni kamar buhu."

"Baba, ni kaɗai, kwana biyu a hanya? In ka suɓuce mini fa?"

Ya ce a mayar da labulen inda yake. Muka mayar.

Na rubuta wa ofishin lasisi, aka ce doka ce. Na ce su roƙi maƙwabta, Chizuru ta ce ba za ta ɗora wa kowa nauyi ba. Maƙwabta kuwa suna cewa bai dace su tsoma baki ba a gayyace su ba. Kowa ya ɓuya a bayan ladabi, Tokuji kuma kullum da safe yana sa a tura shi bakin motar, ya goge madubinta da hannunsa mai lafiya.

Kai fa? In ka yi lasisi tun kafin a sake tsari, katin da ke aljihunka ya ba ka har tan takwas, kana kashe shi a tsakanin gida da kanti. Saura kwana tara lokacin ziyarar kaburbura ya zo. Makullin motar na rataye a ƙusa bayan ƙofarsu. Ba za su roƙe ka ba, ka sani. Ka tashi ka ƙwanƙwasa musu ƙofa yau.