Fiffiken Gora

Oga ya sake dawo wa Auta da faɗuwar.

"Wannan ba mutum ba ne," ya ce, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutar da biro. "Buhun siminti ne aka sa wa wando. Sake."

Aikin Auta ke nan a kamfanin, koya wa mutanen cikin wasan kwamfuta motsi. Wani ya zana mutum, wani ya sa masa riga, shi kuma ya koya masa tafiya da gudu da sara da mutuwa. Wasan da suke aiki a kai na yaƙin zamanin da ne. Abokan gaba sun yi wa wani birni ƙawanya, sai wani tsohon maƙeri a ciki ya haɗa fiffike da gora da igiyar fata da yadin da aka shafe da kakin zuma. Jarumin wasan zai goya shi, ya diro daga hasumiya, ya tsallake kogi ya kai saƙo. Babu inji. Iska ce kawai, sai shirwa da mai wasa zai riƙa bi don ya gane inda iskar ke ɗagawa. In ya kuskure, gora ta karye.

Tashin bai ba Auta wahala ba, don a bakin yayansa ya samo shi.

Yaya mai walda ne, na dogayen gine-gine. A da ke nan, kafin ya faɗo daga wani gini a wajen aiki. Yanzu yana kan keken guragu a falon wani gidan sama, tsakanin taga da talabijin. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. Kullum da yamma Auta ke biyowa daga aiki, ya buɗe ƙofa da makullinsa, ya ciccibi Yaya zuwa banɗaki, don matar Yaya ba ta iya ɗaga shi. In an gama wanka sai hira, kuma tun da aka fara aikin fiffiken hirar ta zama ta iska.

"Ku 'yan ofis kun ɗauka turawa take yi," in ji Yaya. "A sama lallaɓa mutum take, ta ƙarƙashin riga, kamar mai yankan aljihu. Sai ka saki jiki sannan ta fizge ka."

Auta ya sa wannan a wasan. Ya sa yadda kafaɗa ke karkata kafin ƙafa, da yadda mutum ke runtse ido ɗaya. Tun bayan asibiti ba a ga Yaya ya ɗora ransa a kan wani abu ba sai wannan. Kullum sai ya tambaya, "Yaushe fiffikena zai fito?"

Faɗuwar ce ta gagara. A sana'arsu ba a ƙago motsi da ka. Sai ka nemo na gaske, ka rage masa gudu, ka bi shi hoto bayan hoto. Don saran takobi mahauci Auta ya ɗauka a bidiyo. Don gudu, abokin aikinsa Dogo ya yi ta zagaya wurin ajiye motoci har ya yi amai. Amma faɗuwar da ke cikin finafinai ta mutanen da suka san akwai katifa a ƙasa ce. Jikinsu ya sani, kuma ana gani.

Akwai wani bidiyo a tsohuwar wayar Auta. Wani lebura ne ya ɗauka daga ginin da ke kallon nasu Yaya. Injin ɗaga kaya yake ɗauka, faɗuwar Yaya ta shigo masa ta gefe. A barandar asibiti ya tura wa Auta. Matar Yaya ta leƙo ta kafaɗarsa ta gani, sau ɗaya, ta ce, "Goge shi." Ya ce ya goge. Shi kuwa Yaya bai san ma da shi ba. Abin da ya iya tunawa a ranar, shayin safe, sai silin ɗin asibiti.

Ran da Oga ya yi maganar buhun siminti, Auta ya jira kowa ya fita cin abincin rana, ya jona wayar da kwamfuta. Ya gaya wa kansa kallo kawai zai yi. Ya rage gudun. Mutumin da ke cikin hoton bai buɗe hannuwa ba kamar na fim. Ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya a cikin iska, kamar mai neman matakala a duhu. Hannunsa na hagu ya tafi ƙugu, ya dafa, ya sake dafawa. Wajen ƙugiyar bel ɗin tsaro ne, wadda ya cire don ya tsallaka wani ƙarfe.

Auta ya bi shi hoto bayan hoto. Bai bar komai ba.

Da Oga ya gani, ya sake kallo daga farko. Sannan ya kira kowa.

"Ku zo ku ga aiki. Dubi hannun nan. Me yake nema, Auta?"

"Ban sani ba, Oga. Haka ya zo mini."

"Kar ka taɓa shi."

Dogo ne ya yi ihun da aka ɗora a kai, a ɗakin ɗaukar murya, da kofin shayi a hannunsa. Masu gwajin wasan suka riƙa karya gora da gangan don su sake kallo.

Sai da wasan ya kusa fita sannan abin ya faɗo wa Auta a rai yadda ya kamata. Yana goge wa Yaya baya da tawul, ya ji yana cewa, "Ran da ya fito, ni zan fara tashi. Kar ka ba kowa kafin ni."

Washegari ya shiga ofishin Oga.

"Ina son in canza faɗuwar."

"Ka sha wani abu ne?"

"Akwai gyara a ciki."

"Gyaran me? Ita ce abu mafi kyau da ka taɓa yi a gidan nan. An rufe wasa, an tura. Ko ni yanzu ban isa in cire maɓallin riga ba." Oga ya dube shi ta saman tabarau. "Ko satowa ka yi daga wani fim? In haka ne gaya mini yanzu, kafin lauyoyi su gaya mini."

"Ba daga fim ba ne."

"To je ka huta. Idonka ya faɗa."

Abin da ya rage masa shi ne abin da hannunsa ya iya. Ya yi wa Yaya wasa na daban. A cikinsa gora ba ta karyewa. In jarumi ya kauce wa shirwa, iska ta tallafe shi ta mayar da shi hanya. In ya doshi ganuwa, ta ɗaga shi ya wuce ta sama. Dogo ya gan shi yana yi, ya ce, "Na wace jaririyar ne wannan?" Auta ya ci gaba da aikinsa.

Ran da ya kai, matar Yaya ce ta tarbe shi a bakin ƙofa, hannunta duk kumfar wanki.

"Ƙaramin miji, yau ka yi sammako. Tun safe yayanka ya hana ni sakat, sai ka ce ni na ɓoye fiffiken."

"Anti, ai kishi kike yi. Yau zai tashi ya bar ki."

"Ya tashi mana. In ya samu mai yi masa wanki a can, ya zauna."

Yaya ya sa an aske shi, ya sa farar riga. Auta ya jona na'urar da talabijin, ya miƙa masa rimot. Hannuwan Yaya suna nan yadda suke, manya, da tabon tartsatsin wuta har gwiwar hannu. Jarumi ya tsaya a bakin hasumiya, yadi yana kaɗawa. Yaya ya tura shi.

Ya yi dariya. Dariya ta gaske, da baki buɗe, irin wadda ta sa matar ta fito daga wajen wanki ta tsaya tana kallonsa shi, ba talabijin ba. Yana karkata kafaɗa tare da jarumin, kekensa yana ƙara.

"Ka gani? Ka ga yadda ta shigo ta ƙasa? Maganata ce wannan!"

Ya tsallake kogi. Ya koma ya sake. A hankali dariyar ta ragu. Ya bar shirwa ta yi gabas, shi ya yi yamma. Iska ta dawo da shi. Ya doshi ganuwa kai tsaye, iska ta ɗaga shi. Sai ya ajiye rimot ɗin a cinyarsa, ya naɗe hannu. Jarumin ya ci gaba da shawagi shi kaɗai, ya sauka lafiya a ƙetaren kogi, kiɗan nasara ya tashi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Haka ake sayar wa mutane shi?"

"Akwai mai sauƙi, akwai..."

"Na tambaye ka, haka ake sayar wa masu ƙafa?"

Auta ya mayar da ido kan talabijin.

"Kai ke wanke ni. Kai ke ɗora ni a kan masai. Ban taɓa cewa komai ba, don babu yadda zan yi. Amma wannan da yatsa ake yin sa, kuma yatsuna lafiyarsu lau." Bai ɗaga murya ba. "Likita ya yi mini ƙarya, abokan aiki sun yi mini, ita ma tana yi mini don ta ga na ci abinci. Kai kaɗai na ɗauka ba ka iya ba. Sa mini na gasken."

"Yaya, bari sai gobe."

"Yana cikin jakarka. Na san ka."

Yana ciki kuwa. A nan Auta zai iya faɗa. Kalmomin suna bakinsa, ba su da yawa. Amma matar tana tsaye a bayansa, wadda ya ce wa ya goge. Sai ya yi wa kansa lissafi irin na ma'aikaci: Yaya ya iya iska fiye da duk masu gwajin kamfanin, zai iya kai ƙarshen wasan bai faɗo ba. Ya sa masa.

Jarumi ya tsaya a bakin hasumiya. Yaya ya tura shi, ya juya fiffiken, ya doshi ganuwa da gangan. Sai a lokacin Auta ya gane abin da ya jawo da hannunsa. Wanda aka ba na ƙarya, abin da zai fara gwadawa shi ne ko wannan yana karyewa.

Gora ta yi ƙas. Yadi ya naɗe. Muryar Dogo ta cika falon. Ƙafafu suka yi ta tafiya a cikin iska. Hannun hagu ya tafi ƙugu, ya dafa, ya sake dafawa.

"Yawwa," in ji Yaya. "Wannan shi ne..."

Bai ƙarasa ba. Ya koma hasumiya, ya sake karya gorar, ya matso da fuskarsa.

"Me yake nema a ƙugu? Ɗaurin fiffiken a ƙirji yake. Mutanen wancan zamanin ba su da ƙugiya." Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya kama ƙaninsa da kuskure. "Mu ne ke yin haka. Kafin ka taka ƙarfe sai ka dafa, ka sake dafawa. A ina ka ga..."

Ya waiwaya don ya nuna wa matarsa. Tana jingine da bango, kumfa ta bushe a hannunta, ba talabijin take kallo ba. Auta take kallo.

Yaya ya dubi fuskarta, ya daɗe. Sannan ya dubi hannunsa na hagu.

"Akwai hoto ashe."

Ya ɗago ya dubi Auta.

"Haka na yi?"

"Haka ne, Yaya."

"Da ƙafafun?"

"Da su."

"Ihun fa?"

"Ba naka ba ne. Kai ba ka yi ihu ba."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa awon ƙarfe.

"Su wa suka gani?"

"Duk wanda ya sayi wasan."

"Kuma suna so."

"Suna so, Yaya."

"To ka iya aiki," in ji Yaya. Ya juya keken ya fuskanci talabijin. "Bar mini shi. Ja mana ƙofa."

"Ban yi maka wanka ba."

"Ja ƙofa, Auta."

Matar ta biyo shi har bakin matakala. Ba ta kira shi ƙaramin miji ba. Ta miƙa hannu, tafin a buɗe. Ya ɗauka duka za ta kai masa, sai ya ga makulli take jira. Ya ciro shi daga cikin nasa, zoben yana ƙin buɗuwa, ta tsaya har ya gama.

"Anti, wa zai ɗaga shi?"

"Zan nemo wani."

Ta shiga ta rufe. Yana sauka, ta cikin ƙofar ya ji kiɗan hasumiya ya tashi. Gora ta karye, Dogo ya yi ihu. Aka ɗan yi shiru, kiɗan ya sake tashi daga farko.