Motar Agadas da Tukunyar Kaki

Jakar Rabilu tana jingine a bakin shago tun safe. Motar Agadas za ta bar Tasawa bayan azahar, direban kuma ya ce zai tsaya a bakin titi ya danna masa odar mota. Wani aboki ne ya samo masa aikin katako a can, ya ce in makon nan ya wuce, wani za a ba.

Sallama kawai ya shigo yi wa mahaifinsa, Malam Sale. Amma tsohon nan bai san sallama da hannu sake ba.

"Kama mini wanga kahin motarka ta zo," in ji shi.

Aikin dai shi ne wanda Rabilu ya tashi a ciki har ya gundure shi: ƙananan katakai masu kusurwa huɗu da ake jerawa cikin amya, a ja musu waya ta yi tsam, a ɗora fallen kaki, a bi gefe da narkakken kaki ya kama, ƙudan zuma su samu inda za su fara saƙa. Malam Sale ya aza tukunyar kaki a murhun ƙofar shago, har da guntayen saƙa masu sauran zuma, da rana tsaka, a cikin rani, lokacin da babu fure ko na magani.

Ƙamshi ya tashi. Ƙudan zuma guda biyu suka fara zuwa, sai goma, sai gari ya ɗauki gunji. Rabilu ya finciko jakarsa, ya ja tsohon ciki, ya banko ƙofar kwano, suka toshe taga da buhu. Tsoro ya kama shi sosai, don harbi ɗaya ya taɓa kumbura wa Malam Sale maƙogwaro har aka kwashe shi a amalanke. Tun daga nan bai sake kusantar amya ba.

Shagon ya zama tanda. Ta hudar ƙusa Rabilu yana hango ƙofar shagon ta yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma, kuma ya san ba za su watse ba sai rana ta faɗi.

Aka yi azahar. Sai ga oda daga titi, doguwa.

Ya saɓa jaka, ya kama sakata. Shi kam zai iya kutsawa da gudu, harbi ashirin ba zai kashe shi ba. Amma ƙofar ba ta buɗuwa kaɗan, in ya buɗe ta ƙudan za su afko wa tsohon.

"Buɗe ka tahi," in ji tsohon. "Ni sai in lulluɓa da buhu."

Oda ta sake tashi. Can kuma ƙarar injin ta yi nisa, har ta ɓace.

Rabilu ya sauke jakar.

"Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Mantuwa ka yi, ko da gangan ka aza tukunyar ga?"

Malam Sale bai ɗago ba. Ya miƙo masa bakin waya.

"Ja nan," ya ce. "Ba ta yi tsam ba."