Ruwan da Labbo Bai Sha Ba

Ciwon huhu ya bi garken Labbo a damina ɗaya, ya bar masa igiyoyi da turaku. Da rumbu ya yi ƙasa, surukinsa Malam Yunusa ya aiko aka ɗauki matarsa Rukaiya da jaririnta. Ba faɗa, ba zagi. Cewa ya yi su zauna wurinsa har Labbo ya samu abin riƙe gida.

Ni Wada, maƙwabcinsa ne a Guci, tare muka ji labarin: wata ƙungiyar matasa za ta shirya tseren gudu a Magariya, wanda ya zo na ɗaya a ba shi sabon moto, wato babur. Da moto mutum ya shiga kabu-kabu, ya mai da matarsa ɗakinta. Labbo bai taɓa tsere ba, amma wanda ya girma yana taro bijimai a dawa ba a koya masa gudu.

Ranar tseren na goya shi a motona muka tafi. 'Yan birni na ta miƙe-miƙe cikin gajerun wanduna, shi kuwa yana tsaye da 'yar-shararsa da takalmin roba, an liƙa masa lamba a ƙirji kamar buhun gyaɗa. An ce da sassafe za a tashi, amma manyan baƙi ba su ga damar zuwa ba sai da rana ta take. Su ai a inuwa za su zauna.

Aka busa usur, na bi su a gefe da moto. Wallahi na ji daɗi! Labbo ya dinga wuce su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai a gaba. Kwalta ta yi zafi, leɓensa ya yi fari fat, amma ga teburin ruwa can gindin wani gawo, shi ke nan a duk tsawon hanyar. Na ga ya miƙa hannu tun daga nesa. Sai kuma ya janye.

A gindin gawon nan akwai wani tsoho da malafa da sanda. Malam Yunusa ne, ya zo kallo. Bafulatani kuwa ba ya ci, ba ya sha a gaban surukinsa, ko da ransa zai fita. Labbo ya sunkuyar da kai, ya wuce teburin.

"Labbo, ka sha ruwa! Don Allah ka sha!" Na yi ihu har muryata ta dushe. Ko waiwaye bai yi ba.

Ana hango moton da aka ajiye a ƙarshen hanya ƙafafunsa suka ɗaure. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ina kallo waɗanda ya bari a baya suka zo suka wuce shi. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, haushinsa kuma ya cika ni.

Muka ja shi gindin dogon yaro, muna yi masa fifita. Yana buɗe ido ke nan amalanke ya sauke Malam Yunusa. Tsohon bai dube shi ba, ni ya yi wa magana.

"Wada, me ya hana shi sha? Tun daga nesa na hango shi, na juya baya, na rufe fuskata da malafa. Ban juyo ba sai da kowa ya wuce."

Ashe da Labbo ya ɗaga kai sau ɗaya, da ƙeya zai gani.

"Yarinyar nan tun jiya ta ɗaure kayanta, tana jiran komawa ɗakinta," in ji tsohon. "Me zan je in ce mata?"

Hawaye ya gangaro wa Labbo. Na fasa ruwan leda na kai masa baki. Surukinsa na tsaye a kanmu. Labbo ya datse haƙora, ya juya fuska.