Jinin Yaya Hasana Ya Sauka Ashirin

"Shanye duka," na ce wa Yaya Hasana a bakin asibiti, na miƙa mata kwalbar malta da na juye madarar gwangwani a ciki. "Na'urar awon jinin nan in ta ga wannan, sai ta tafa miki."

Ko murmushi ba ta yi ba. Cikinta ya shiga wata tara, in ta ɗan taka sai haki, leɓenta fari fat kamar ta ci alli.

Watan jiya likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Jinin mai ciki, talatin ake so ya kai a awo. Nata ashirin da huɗu, sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jikinta. Ya ba ta jajayen ƙwayoyin nan, ya ce in aka dawo aka ga ya faɗo ƙasa da ashirin da ɗaya, ga haihuwa ta matso, to zancen ƙwaya ya ƙare, sai ƙarin jini.

Abin da Hajiyarmu ke gudu ke nan. Mijin Yaya, Ashafa, yana Kwatano sarin kaya. Ga wasu ƙarti a gindin bishiyar ƙofar asibiti, sana'arsu sayar da jini, ga rediyo kullum cikin maganar ƙanjamau. Hajiya ta rantse jinin da ba ta san asalinsa ba ba zai shiga jikin 'yarta ba.

Mai awo ya tsikari yatsan Yaya, ya zuƙi jinin a wani siririn gilashi kamar tsinken tsintsiya, ya sa a na'ura tana juyawa. Muka zauna a benci. Rediyon masinja na ta labarin rantsar da gwamnatin farar hula.

"Soja sun koma bariki, Yaya, ke ma ki ce wa jininki ya koma bakin aiki."

"Ɗanjuma, don Allah rufe min baki," in ji Hajiya. Carbi take ja.

Aka kira mu wajen likita. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ashirin."

"Likita a sake dubawa," na ce. "Yanzun nan ta sha malta da madara, wataƙila bai gama sauka ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, jini ba randa ba ce da za ka cika da safe." Ya juya wajen Yaya. "Kina shan maganin kuwa?"

"Ni nake ba ta da hannuna," Hajiya ta karɓe. "Safe da yamma, tana gama cin abinci. Ko ruwa ba na bari ta kora da shi, sai shayi mai kyau."

"Wane irin shayi, Hajiya?"

Gidanmu a Koki cikin birnin Kano, kakanninmu daga Tarabulus suka zo fatauci, kuma in da abin da suka bar mana ban da dogon hanci, to shayi ne. Baƙi ƙirin, a dafa shi har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kofuna. Mu ba ma gama cin abinci sai da shi. Hajiya ta faɗa masa haka, har da 'yar alfaharinta.

Likita ya ajiye biro. "Ganyen shayi mai ƙarfi yana riƙe sinadarin ƙarfen tun a ciki, ya hana jiki ɗauka. Kusan duk abin da kika ba ta, wucewa ya yi."

Yaya ce ta kama hannun Hajiya.

"Yau za mu kwantar da ita," in ji likita. "In naƙuda ta zo a haka ta zubar da jini ko kaɗan ne, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Wa zai bayar?"

Duk suka kalle ni. Ni da ko allurar rigakafi sai an danne ni.

"Ni ai jinina surutu ne zalla," na ce. "Kada jaririn ya fito yana tsokanar ungozoma."



Mai awo ya ce mai bayarwa sai ya kai talatin da takwas, kuma sai rukunin jininmu ya zo ɗaya, kuma sai an tabbatar ba ni da wata cuta. In na gaza, sai mutanen gindin bishiya. Ya tsikare ni, ya ɗibi wani jinin a hannu. Na tsaya ina kallon na'urar na juyawa, ina tuna kofunan shayin da na ɗirka tun ina ɗan yaye. Hajiya na bakin ƙofa, ta ƙi zama.

Na'urar ta tsaya. Ya ɗora gilashin a kan ma'auni, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, ka faɗa mana, ko sai na suma?"

"Talatin da tara. Da ƙyar ka tsallake."

Sauran gwajin ya ɗauki lokaci, har aka kira azahar. Da ya fito, gado kawai ya nuna min.

"Naɗe hannun riga."

Na kwanta, na juya fuska bango. Hajiya ta shigo ta dafa goshina, abin da rabonta da yi tun ina firamare.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Na nemi abin da zan mayar mata na wasa, na rasa. Can na ji mai awo yana ce wa nas ta je ta shirya Hasana, ledar jinin ta kusa cika.