Kumatun Ƙanwarsa

Yayanta bai ko zauna ba. Ya kalli kumatunta da suka yi jajur suka tasa, ya juya ya shaƙe wuyan rigar mijinta.

"Kai ka mayar mini da ƙanwa haka?"

"Yaya, tsaya ka ji!"

Naushi ya riga maganarta isa. Jini ya ɓalle daga hancin mijin, ya ɗiɗɗiga a tsakar falo. Ta tsaya baki buɗe. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mata ba, ga shi durƙushe yana tare jini da tafin hannu.

A motar Yayan suka tafi asibiti. Wata likita ta cusa wa mijin auduga a hanci, ta ce ƙashi bai karye ba. Sai ta tsura wa matar ido.

"Ke kuma fuskar nan, tun yaushe?"

"Ki tambaye shi!" in ji Yayan.

"Ita nake tambaya."

Matar ta ce an daɗe, abin yana zuwa yana tafiya. Fuskar takan yi zafi kamar an shafa barkono, sai ƙananan ƙuraje su feso. Ta zaci ƙurajen fuska ne, tana ta dirza da sabulu, tana shafa wani mai da ta saya a kasuwa.

"Wane aiki kike yi?"

"Gidan burodi. Ni ce a bakin tanda."

Likitar ta haska kumatun da 'yar fitila, ta nuna wa Yayan siraran jijiyoyin jini da suka fito.

"Ba mari ba ne. Ciwon fata ne, sunansa rozeshiya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Amma ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa shi."

"Har abada?" Muryarta ta fito can ƙasa.

"Da magani zai lafa sosai. Ki daina dirzawa, ki jefar da man nan. Ki kiyayi rana, yaji, abin sha mai zafi, da ɓacin rai. Zafin wuta kuwa shi ne babba a wajenki."

Matar tun tana budurwa take gasa burodi, ba ta iya wani aikin ba.

Yayan ya kasa ɗaga kai. "Ni fa na ɗauka..."

Suka kama hanyar komawa. Ta daɗe tana juya waya a hannu kafin ta kira mai gidan burodin. Ta ce gobe za ta zo, amma a ba ta wajen kwaɓa fulawa, wani ya karɓi tanda.

Yayan ya kunna sanyin mota, ya karkatar da iskar a hankali zuwa fuskarta.

Daga kujerar baya mijin ya leƙo, yana magana ta hanci.

"Yaya, ni fa?"