Sunan Mijin Iyatu

Tun da Maha ta dawo daga unguwar Shisha da labarin hoton nan, Hajiya Iyatu ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta ɗora shayi ta manta ba ta zuba ganye ba. Ta birkita ɗaki tana neman tabarau alhali yana kan hancinta. Maha jikarta ce, 'yar ɗanta Nasir, haihuwar Makka, irin 'yan matan nan da Hausarsu ke dogara sanda Larabci na riƙe mata hannu.

Abin da Maha ta gani shi ne wani dattijo mai suna Turki ya mai da garejin gidansa ɗan ƙaramin gidan tarihi, don tunawa da waɗanda suka rasu lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Harami a ranar farko ta shekarar 1400 ta Hijira. Mahaifinsa na cikinsu. A bango akwai hoton mutum biyar, masu ɗaukar tsofaffi a gadon katako su yi musu ɗawafi. Huɗu an rubuta sunayensu, don danginsu sun zo sun faɗa. Na biyar ɗin baƙar fata ne, kuma ba wanda ya taɓa zuwa dominsa.

Mijin Iyatu wannan aiki yake yi. Ya fita sallar asuba a wannan rana daga ɗakinsu na unguwar Tandabawi, bai dawo ba. Tana da shekara sha tara, Nasir yana goye. Ko hotonsa ɗaya ba ta da shi, sai abin da ta riƙe a kai, kuma da shi ta raini ɗanta da jikoki: dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ga hanci har baka.

Sai dai akwai wata ƙura. A takarda sunansa Yunus, amma ba nasa ba ne. Attajirin da ya riƙe shi tun yana yaro ne ya laƙaba masa sunan ɗansa da ya rasu. Sunan da aka raɗa masa a ƙauyensu can ƙasar Katsina, Iyatu kaɗai ya gaya wa, ya ce ta riƙe masa shi don ba wanda ya san shi a ƙasar nan. Ta kuwa riƙe, har riƙon ya yi yawa. An raine ta a gidan da mace ba ta ambatar sunan mijinta ko a mafarki, saboda haka fiye da shekara arba'in sunan nan yana kulle a bakinta. Nasir ya tambaya har ya gaji. Jikoki sun yi dabara, sun yi roƙo, sun jero mata sunaye ko za ta gyaɗa kai, ita dai sai ta ce Malam. Yanzu ga hawan jini, ga ciwon gwiwa, kuma ta san in ta tafi da sunan a baki ya tafi ke nan. Wannan yana damunta ƙwarai, ko da yake ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka shirya. Wato Maha ta shirya cikin minti biyar, ita kuwa tsohuwa tun azahar take abu ɗaya. Ta fito da atamfar da ba ta sawa sai Idi, ta sa ta a ƙarƙashin abaya inda ba mai gani. Ta zizara kwalli. Ta turara jiki har sai da maƙwabciyarsu Saudat ta leƙo tana tambayar bikin wa ake yi. Maha ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗa makullin mota, dariya na cinta.

"Ya sitti, kakata, mathaf za mu fa, gidan tarihi, ba zance ba."

"Ke kika san mathaf," in ji Iyatu. "Ni wurin mijina za ni. Yalla, wuce mu tafi."

A mota ma ba ta bar yarinyar ta yi tuƙi cikin kwanciyar hankali ba. In Maha ta taka ta ce za ta kashe ta kafin su gana, in ta sassauta ta ce jaki ya fi ta sauri. Da suka shiga hanyar da ta huda cikin dutse sai ta kama dariya ba dalili, har da hawaye, tana dannawa da bakin mayafi don kada kwallin ya lalace. Maha ta tuna mata cewa in dai shi ne, to Amm Turki, wato Baffa Turki mai garejin, zai nemi suna, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Iyatu ta ce a rubuta Yunus mana. Tana rufe baki ta ji abin ya soke ta, don ta tuna yadda mijin yake ɓata fuska duk lokacin da aka kira shi da sunan.

Amm Turki gajeren dattijo ne mai farin gemu, ya tarye su da gahawa da dabino a bakin garejin. Ɗakin bai fi taku goma ba. Akwai akwatin gilashi cike da takalman da masu su ba su dawo sun ɗauka ba, da butar ƙarfe mai huda a ciki, da tsohuwar rediyo wadda mahaifiyarsa ta yi mako biyu tana kwana da ita a kunne, da tsofaffin jaridu da suka koma launin ƙasa. Ya fara bayani a nutse, da muryar wanda ya saba a saurare shi da jimami. Iyatu ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta yi salati a gaban takalman, ta yi wa mamatan addu'a, amma ƙafarta sai janta take yi gaba, idonta na bango.

Ta tsaya a gaban hoton ta gyara tabarau. Nan take ta ɗora yatsa a kan wani dogo mai faɗin kafaɗa a tsakiya, ta juyo tana kallon Maha da alfahari.

Amm Turki ya yi gyaran murya. Cikin ladabi ya ce wannan mahaifinsa ne.

Maha ta toshe baki da hannu biyu ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Iyatu ta ba dattijon haƙuri, ta ce Allah ya jiƙansa, lallai an yi kyakkyawan mutum. Sannan ta bi yatsan Amm Turki zuwa ƙarshen layi, inda wani ɗan siririn saurayi yake tsaye, kansa bai wuce kafaɗar na kusa da shi ba, kunnuwa fato-fato, yana murmushi da wushirya. A kansa akwai hula mai aikin da ya karkace gefe ɗaya.

Hular ta fara ganewa. Ita ta ɗinka ta, a watan farko na aurensu, lokacin ba ta iya ba, ta ce ya jefar ya ƙi. Daga hular idonta ya sauko kan fuskar, sai komai ya dawo mata lokaci guda, har yadda yake shafa kunne in zai yi mata ƙarya.

"Ashe gajere ne," ta faɗa a hankali. Sai dariya ta ƙwace mata. "Maha, zo ki ga kakanki. Wallahi gajere ne. Dubi kunnuwa, irin na babanki sak."

Maha ta ce to ina mai sunkuyawa a ƙofa? Iyatu ta ce ai ƙofar ce gajeriya, ita ma sai ta sunkuya take shiga. Suka riƙe juna suna dariya a tsakiyar ɗakin makoki, har Iyatu ta ji kunyar mai gidan. Da ta dube shi sai ta ga shi ma gemunsa na motsi. Ya ce shekara tara da buɗe ɗakin nan, mutane na zuwa su yi kuka su tafi, yau ne aka fara yi masa dariya a ciki, kuma bai ga laifinta ba.

Sannan ya ɗauko ɗan farin kati da alƙalami, ya zauna a kan kujera, ya tambayi sunan marigayin.

Dariyar ta tsaya. Maha ta buɗe baki za ta ce Yunus don ta sauƙaƙa mata, Iyatu ta ɗaga mata hannu. Ta dubi saurayin da ke bango. Yaro ne ƙarami, ko jikanta Bandar ya girme shi yanzu, ya tsaya shekara da shekaru a ƙarshen layi kowa da sunansa ban da shi. Tausayinsa ya kama ta, ga kuma kunya, irin ta amarya, wadda ta ɗauka tsufa ya raba ta da ita tuntuni. Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ta ce ba za ta iya ba yana kallonta.

Amm Turki bai gane ba sai da Maha ta yi masa bayani da Larabci. Sai ya ce ko a sauke hoton a kife shi? Iyatu ta ce a'a, a bar shi inda yake, ya sha tsayuwa. Ita ce ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta fuskanci akwatin takalma.

"Sada," ta ce. "Sada ɗan Mustafa."

Ba abin da ya faru. Rufi bai faɗo ba, sai ƙarar alƙalami a kan kati. Maha ta maimaita sunan a hankali, sau biyu, hawaye na zubo mata, ta ciro waya za ta kira babanta. Amm Turki ya manna katin a ƙarƙashin ɗan siririn saurayin, ya danna shi da babban yatsa.

Iyatu ta juyo. Kwallin da ta yi ta tattali duk ya zubo a kumatu, ba ta kuma damu ba. Ta matsa kusa har numfashinta na taɓa gilashin, ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Sada," ta ce, wannan karon da shi take. "Na riƙe maka. Ga shi nan na kawo."